Tutar da Malam Ya Ɗaga wa Dokin Baƙi

Waɗanda suke wurin a ranar, ga su. Akwai ni, da ƙwaryar nonona a gindin darbejiya. Akwai Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, a tsaye da tuta a hannu. Akwai ƙanwarsa, wadda duk gidan muke ce wa Goggo, ta zo wai taya ni dama fura, amma bakinta ya fi hannunta aiki. Akwai Babarbaren nan mai faifan goro da ke zama gefena, wanda ba ya iya ganin Bafillace ya ƙyale. Akwai Alhaji mai dokin da ake ce wa bidi, Bakatsine, ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a unguwar Madaki. Akwai baƙo daga Kano da ya zo da baƙin dokinsa akawal a cikin mota. Sai kuma wanda ke kan bidi, wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Ɗana ne na fari. Sauran jama'a kuwa, rabin Gombe ne, ba zan iya lissafa su ba.

Filin sukuwar yana can bayan unguwarmu ta Malam Inna. Yau in na bi ta wurin ba na gane shi, duk an yanka an kewaye da bulo, har darbejiyar an sare. Amma a lokacin fili ne shimfiɗaɗɗe, ka tsaya a wannan baki ka hangi mutum a wancan baki kamar tsinke. Ƙarshen damina ake yin tseren, an fara cire gyaɗa, harawa ɗanya ta wadata, dawaki sun yi ƙyalli. Ƙasa da sauran laima, in suka taso sai ka ji ta a tafin ƙafarka kafin kunnenka ya ji. Warin gumin doki, da ƙamshin tsire, da na ciyawar da aka tattake, har yanzu in iska ta kaɗo wani abu mai kama da su sai in tsaya da abin da nake yi.

Da ƙananan dawakinmu na gida ake farawa, sannan 'yan Sudan. Sai can la'asar ta yi sanyi a fito da manya, dogayen nan masu jinin waje, ƙafafu sirara kamar karan dawa, ciki a ɗame, ba a ɗora musu komai sai ɗan sirdi kamar tafin hannu. Saboda su ake zuwa. Masu su ba sa hawa, sai dai su zauna a rumfa cikin manyan riguna, su ɗora matasa marasa nauyi. Wancan, ɗan nawa, yana cikin marasa nauyin. Jikina ya ɗauko.

Inda tsere ke ƙarewa an kafa sanda an shafa mata farar ƙasa. Alƙali na hawa benci daura da ita. In dawaki suka wuce sai ya nuna wanda ya riga da tuta, mai lasifika ya faɗa wa jama'a, shi ke nan magana ta ƙare. Ba kyamara, ba komai, idon mutum ɗaya ne da tsoron Allahnsa. Ni kuwa inuwata tana bayan bencin nan kaɗan, ba don son kallo na zaɓe ta ba, nan ne masu ƙishi suka fi taruwa. Shekara da shekaru ina zama a wurin, har idona ya saba. Ba na ihu, ba na tafi, amma ba a taɓa wuce sandar nan ban san wanda ya riga ba.

Alƙalan biyu ne, Malam da wani dattijo mutumin garin Kwadon. Malam ya hau doki a ƙuruciyarsa har ya gaji, kuma kowa ya san ba ya karɓar ko ruwan sha a hannun mai doki ranar tsere. Ko furata ba ya sha a filin, wai kada a ce. Duk tseren da wancan zai hau kuwa, sai Malam ya sauko daga benci ya miƙa wa mutumin Kwadon tuta, ya ɗauki buta ya yi bayan rumfa, ko da alwalarsa ba ta karye ba. Ba ya dawowa sai an gama.

Yaran yanzu ba su san wannan ba, sai na faɗa. A wurinmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka tsaya masa a gaban mutane. Fulako ke nan, haka muka tarar. Ana yaye shi Goggo ta zo ta goya shi ta tafi, ita ta raine shi. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Adda, kamar wata yayarsa, Malam kuwa Baffa. Ranar da ya faɗo daga doki yana ƙarami hannunsa ya karye, da aka zo aka gaya wa Malam a zaure, cewa ya yi, "Dokin fa, bai ji ciwo ba?" Mutane suka yaba. Ni kaɗai na san yini ya yi a bayan katangar mai ɗori, a rana, bai ci komai ba.

To, a wannan ranar aka yi wa mutumin Kwadon rasuwa, bai zo ba. Kuma da safe, kafin a tafi fili, baƙon Kano ya biyo gidanmu gaisuwa, kamar yadda duk baƙon kirki ke gaida dattijon wuri, ya ajiye ƙullin goro a zaure. Na gan shi ta kafar zana. Malam ko kwancewa bai yi ba, ya aika da shi masallaci aka rabar. Amma masu ganin shigar goro sun fi masu ganin fitarsa yawa.

Da aka zo tseren manya, Malam ya sauko daga benci yana neman wanda zai ba tuta. Wannan ya ce idonsa ba ya gani sosai, wancan ya ce yana da doki a ciki. Baƙon Kano ya taso daga rumfa ya ce, "Haba Malam, mu da muka zo daga nesa mun yarda da kai, wa zai ƙi?"

Alhaji ma ya ce, "Hau bencinka, Malam. In ba kai ba wa?"

Malam ya ce, "Akwai na gida a ciki."

"Mun sani," in ji baƙon. "Mun kuma san ka."

Babarbare ya leƙo ta gefena ya ce, "Yau za mu ga Bafillace a tsaka mai wuya. Ko saniya ce ta haihu a gabansa sai ya kau da kai, balle ɗa."

Goggo ta ce, "Rufe mana baki, mai tsagar fuska. Goronka ma duk ya bushe."

"Ya bushe kike ci bashi kullum?"

"Sadaka nake karɓa, don ka samu lada."

Malam ya hau benci. Na lura bai gyara hularsa ba, shi da kullum sai ya gyara.

Aka saki dawakin daga can ƙarshen fili. Da farko dunƙule suke, ba ka bambance kowa. Da suka sha kwana sai biyu suka fice, akawal a gaba, bidi na bin gindinsa. Akawal doki ne, ban taɓa ganin irinsa ba, tafiya yake kamar ana zuba ruwa. Mutanenmu suka yi tsit. Sai na ga wancan ya kwanta a wuyan bidi, kumatunsa a jikin gezar, bai ɗaga bulala ba ko sau ɗaya. Bidi ya fara ci masa, ya kamo cinya, ya kamo ciki, ya kamo kafaɗa. Filin ya ɗauki ihu. Goggo ta miƙe ta taka mini faifai, tana kiran sunansa da dukan muryarta, ita da take da ikon kira. Laka na tashi a bayansu guda-guda.

Suka wuce sanda kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Amma ba ɗaya suke ba. Hancin bidi, da farar kumfa a jikinsa, shi ya fara shafe farin sandar nan, da abin da bai fi tafin hannu ba. Na gani. Ludayi na hannuna, nono na zuba a zanina, ban sani ba sai daga baya.

Na dubi Malam. Tutar ta taso, ta ɗan karkata wajen bidi, sai ta tsaya a sama kamar an riƙe masa gwiwar hannu. Ta daɗe a nan, ko kuwa ni ce na ga ta daɗe. Sannan ta juya ta nuna akawal.

Mai lasifika ya ce, "Dokin baƙinmu na Kano!"

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Matasa suka yo kan benci. Wani na cewa coge ne, wani na cewa an sayar da mu, wani ya ɗaga murya ya ce, "Goron safe ne ya yi aiki!" Wannan kalma ta shiga kunnena ta zauna. Malam ya sauko, ya naɗe tutar a jikin sandarta a hankali.

Goggo ta sha gabansa. "Hamma! Ido ne ya tsufa ko zuciya? Jaririn da ke bayan uwarsa ma ya ga wanda ya riga!"

"Koma wurin furarki," in ji shi.

Wani saurayi ya taho da gudu da waya a hannu, wai ya ɗauki bidiyo, yanzu gaskiya za ta fito. Aka yi masa rumfa da kawuna, har da Alhaji. Ga dawaki nan sun taho, ga su, ga su, suna isowa sanda sai hoton ya koma sama, ba ka ganin komai sai ganyen darbejiya da gajimare, da muryar mai wayar yana ihu. Tsalle ya yi. Babarbare ya yi dariya har goronsa ya zube, ya ce, "Madalla, bishiya ce ta ci!"

Alhaji mutumin kirki ne, bai yi hayaniya ba. Ya dai tsaya gaban Malam ya ce, "Mun ce mun yarda, ba za mu janye ba. Amma Malam, Allah na gani." Ya juya. Wannan ta fi zagin matasan ciwo.

Wancan kuwa ya dawo da bidi a hankali, ya sauka, ya sassauta masa majayi, yana shafa wuyansa. Bai dubi benci ba. Baƙon Kano ya je ya dafa kafaɗarsa, na ji abin da ya ce don ba nisa. "Samari, ban taɓa ganin wanda ya matse dokina haka ba. Ina da barga cike, ba ni da mahayi irinka. Gobe da hantsi motarmu za ta tashi, akwai wuri." Wancan ya ja bidi ya wuce.

Bayan magariba ya shigo gidanmu, Goggo na biye da shi. Malam na kan buzu a ƙofar ɗakinsa, ni ina bakin murhu ina kwashe tuwo. Ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kullum, ba a raina tarbiyyar Goggo ba. Sannan ya ce, "Baffa, tambaya gare ni."

Malam ya ce, "Ina ji."

"Gari na cewa goro ne. Ni na san ba goro ba ne. Amma ina so in ji, bidi ne bai kai ba, ko ni ne ban isa a ɗaga mini tuta ba?"

"An yi hukunci, ya wuce."

"A wurinka ya wuce. Ni ne zan shiga kasuwa gobe a ce ga ɗan wanda ya sayar da shi."

Goggo ta ce, "Faɗa masa dai! Tun yana cikin zani kuke kau da kai, kai da matarka, kamar tsintarsa aka yi a bola. Fulakon da zai sa a kwashe wa yaro guminsa a ba baƙo, ni ban gaje shi ba."

"Ke ma a gidan aka haife ki," in ji Malam.

"An haife ni, amma ban haɗiye shi da ƙashi ba."

Sai wancan ya juyo wajena. Bai taɓa yi mini tambaya kai tsaye a gaban ubansa ba, sai ranar. Ya ce, "Adda, ke kina gindin sandar. Me kika gani?"

Mara na hannuna. In na ce bidi, na tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, na kuma ƙaryata mijina a gaban ƙanwarsa da ɗansa. In na ce akawal, na yi ƙarya, ni kuwa ba na yi. Na ja mayafina na rufe gefen fuska, na ci gaba da kwasar tuwo. Mara na ta kankarar tukunya.

Ya jira. Da ya ga ba amsa sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. "Shi ke nan. A barga zan kwana. Gobe zan bi mutanen Kano." Bai ce a yi masa addu'a ba, bai ce a yafe masa ba. Goggo ta bi shi tana kuka tana zaginmu, mu da kakanninmu.

Na kai wa Malam tuwo na ajiye. Ban saba tsayawa ba, amma na tsaya. Na ce, "Malam, da wani ne a kan bidi fa?"

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Na ga kai biyu sun taho. Sai na ga fuskarsa." Na jira sauran maganar, ba ta zo ba. Can ya ce, "Miƙo mini buta, an kusa kiran lisha."

Iyakar abin da na taɓa samu daga bakinsa ke nan, har ya koma ga Allah. Ko idonsa ne ya ruɗe da ya ga fuskar, ko ya gani sarai hannun ne ya ƙi, ban sani ba. Wataƙila shi ma bai sani ba. Goro dai na san ba shi ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne: in yaron nan ya hau motar Kano da wannan a cikinsa, ba sallama, ba albarka, to ya tafi ke nan, ko ya dawo ba shi ne zai dawo ba. Malam ba zai kira shi ba. Ni ma ba ni da bakin kiransa.

Da na idar da sallar asuba ban hura wuta ba. Na ɗauki mayafi na fita, ban gaya wa kowa ba. Daga Malam Inna zuwa Madaki da tafiya, amma ban tsayar da mai babur ba, ina so in isa da abin da zan faɗa a shirye. Na wuce masu kosai suna jera itace, na wuce masu shayi suna wanke kofuna. Ban taɓa taka bargar Alhaji ba, tambaya na yi aka nuna mini.

A ƙofa ga motar mutanen Kano, an jingina mata katako ana shirin hawar da akawal. Na shiga. Bidi na ɗaure a turkensa yana cin harawa. Wancan na tsugune a bayansa yana duba masa kofato, ga jakarsa a ɗaure a kan buhun dusa. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe da sauri.

Ban dube shi ba. Na wuce shi na je gaban dokin na tsaya. Kusa da shi ya fi yadda nake hange girma, numfashinsa da ɗumi. Na ɗora hannu a kan hancinsa.

Na ce, "Bidi, wurinka na zo. Jiya kai ka riga. Da wannan hancin ka riga, da kamar tafin hannuna. Ina zaune na gani, ba wanda ya gaya mini."

Dokin ya hura iska ya ci gaba da tauna. A bayana ba motsi.

"Wanda ya hau ka kuma ya iya hawa. Na daɗe ina kallon masu hawa a filin can, har da wanda ya riƙe tuta jiya a lokacin da yake da ƙarfinsa. Bai kai shi ba."

Na gyara mayafina. Ba a gaban doki zan yi kuka ba.

"In kana da yadda za ka yi, ka gaya masa. Tsohon nan bai ci tuwonsa ba jiya. Ba zai aiko ba, ba zai zo ba, haka aka gina shi, ni ma haka. Kano ba laifi ba ce, mai son tafiya ya tafi. Amma a gidanmu ba a fita ta barga. Ta zaure ake fita, a durƙusa, a sa wa mutum albarka."

Na sauke hannuna. Ina jin ana fama da akawal a waje, yana ƙin hawa katako. Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Bidi, ka ce wa Adda na ji."

Na ce, "Bidi, ka ce masa ban tambaye shi ba."

Na juya na fita, ban waiwaya ba. Na kama hanyar gida da saurina na kullum. Wajen masu kosai na fara jin takun mutum a bayana, ba ya matsowa, ba ya kuma yin nisa. Na tsaya na sayi kosai, takun ya tsaya. Na ce wa mai kosan ta ƙara, yau da baƙo a gidan. Da na isa na bar ƙofar zaure a buɗe, na shiga na hura wuta na ɗora ruwan koko.